Akwatin Wuta a Ɗakin Haya: Abin da Littafin Kwali Bai Faɗa wa Mutumin Nima Ba

Duk wanda ya haura shekara 20 a Nima ko Maamobi da ke Akra ba sai an ba shi labarin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba, ya kwana cikinta. A watan Agusta na 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta lalata bututun iskar gas da ke tasowa daga Najeriya, a daidai gaɓar tekun Togo, aka yi kusan shekara guda gas bai iso tashoshin Gana ba. Kafin a gama farfaɗowa, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, bashi kuma ya yi wa kamfanonin wuta katutu har sayen mai ya nemi gagara. Zuwa 2015 rabon wuta a Akra ya koma awa 24 cikin duhu, awa 12 da haske, kuma ko wannan ɗin ba kullum ake cika shi ba. A watan Mayun shekarar ne 'yar fim Yvonne Nelson ta jagoranci jerin gwanon dare daga Legon, jama'a riƙe da kyandir da fitilun ƙwai. A ƙarshen shekarar jirgin ruwan Karpowership mai samar da lantarki ya iso Tema, al'amura suka fara lafawa. Amma a farkon 2024 sai aka koma gidan jiya: ana ɗauke wuta ba sanarwa, kamfanin rarraba wuta na ECG na cewa taransifoma fiye da 600 ne kaya ya yi wa yawa tsakanin ƙarfe 7 da 11 na dare, hukumar PURC mai sa ido kan harkar wuta kuma na matsa masa lamba ya fitar da jadawali jama'a su san inda suka dosa.

Kowane zagaye na duhu da irin hajar da yake kawowa kasuwa. Na 2015 ya kawo ƙananan janareta, da fitilun caji, da inbata mai manyan batiran dalma da ake jerawa a kusurwar ɗaki. Na baya-bayan nan ya kawo wani abu dabam: akwati mai hannun ɗauka, da allon lambobi a gaba da ramukan soket, ba ƙara, ba hayaƙi, ba fetur. Sunayen da aka fi gani a jikinsa su ne EcoFlow, Bluetti, Jackery da Anker, sai tarin wasu da ba wanda ya taɓa jin labarinsu. A unguwar da bangonka shi ne bangon maƙwabcinka, lungu kuma da ƙyar mutum biyu ke gifta juna, rashin ƙara da hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci, kuma gidan haya mai ɗakuna jere ba shi da filin da za a kai inji nesa da taga.

Abu huɗu ne a cikin akwatin. Akwai ƙwayoyin batirin litiyam masu riƙe wutar. Akwai caja mai karɓa daga bango ko faifan sola ko mota. Akwai inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta soket. Sai ɗan allon da ake rubuta sunansa BMS, mai lura da zafi da ƙarfin wutar kowace ƙwaya, wanda ke yankewa da zarar abu ya wuce iyaka. Masu talla na kiransa janaretan sola, amma ba ya haifar da wuta ko ƙanƙani. Randa ce, ba rijiya ba: abin da ka zuba shi za ka ɗiba, har ma da ragi.

Littafin da ke zuwa cikin kwalin kuwa ba don mutumin unguwannin Zango irin Nima aka rubuta shi ba. Kamfanonin nan, waɗanda akasarin kayansu a Sin ake ƙerawa, kasuwar Amurka da Turai da Japan suka fara nufa, inda mai saye ke kai akwatin daji hutun ƙarshen mako, ko ya ajiye shi a gareji don ranar da guguwa za ta tsinka waya. Shi ya sa za ka tarar da dogon gargaɗi cewa kada a yi caji idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, abin da Akra ba ta san shi ba, amma babu kalma ɗaya a kan mita guda da magidanta goma ke rabawa, ko ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana a watan Maris. A nan akwatin ma'aikaci ne na kullum. Dole ke nan a sake tace dokokin: wasu su faɗi, wasu su ƙara nauyi, wasu kuma mu kaɗai muka san da su.

Tun a shago ake fara tafka kuskure. Lamba biyu ke jikin kowane akwati, mutane kuma na cakuɗa su. Mai harafin W ita ce iyakar nauyin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Mai Wh ita ce yawan wutar da ke ajiye a ciki. Akwati mai 1,800W da 1,000Wh zai kunna dutsen guga mai wat 1,200, ba ƙarya, kuma abin da mai shago zai nuna maka ke nan yana cewa, "Alhaji, ka gani da idonka, har guga yana yi." Abin da ba zai ƙara ba shi ne in dutsen ya ci gaba da ja, wajen minti 40 sun isa su kwashe komai. Ba dukan 1,000 ɗin ma ke zuwa hannunka ba, domin inbata na cin nasa kason a hanya. Mai hankali ya yi lissafi da 850. Daga nan sai rabawa. Fankar tsaye mai wat 50 za ta yi awa 17 a takarda, a aikace kuwa 13 zuwa 15, saboda inbata na shan wuta muddin yana kunne ko da ba abin da yake ɗauka. In aka haɗa fankar da talabijin mai inci 32 da ƙwan fitila uku, an kai wat 130, wato kamar awa 6: daga magariba zuwa tsakar dare. Wayar hannu kuwa ba ta wuce 15Wh ba, akwati ɗaya zai cika kusan 50.

Akwai dabara a nan da ta fi sayen babban akwati riba. Duk abin da zai iya shan wuta ta ramin USB ko na bolt 12, a ba shi ta nan, a kashe maɓallin inbata gaba ɗaya. Fanka mai aiki da bolt 12 ba ta cin rabin abin da ta bango ke ci, kuma ba ta bi ta inbata, don haka akwatin da ke kai ka asuba da ƙyar zai iya yi maka dare biyu ko uku.

Sana'o'in Zango ba ɗaya suke a gaban wannan akwati ba. Mai aski ya fi kowa cin moriya: injin askinsa bai kai wat 20 ba, ƙaramin akwati ya ishe shi wuni da fanka da fitila. Haka mai MoMo, mai tura kuɗi ta waya, a rumfarsa, haka ladan da amfilifayarsa, haka malamin makarantar dare. Tela sai ya dubi motar kekensa. Tsohuwar motar keken masana'anta, mai wat 400 ko fiye, tana juyawa ne tun daga kunnawa har kashewa ko ana ɗinki ko ana hira. Sabuwar da ake kira servo ba ta jan wuta sai an taka. Telan da ke tsoron dumsor a goman ƙarshe na azumi, ga ɗinkin Sallah jibge, ya fara canja mota tukuna, ya fi masa arha a kan ninka girman akwati. Wadda lissafi ya fi yi wa tsauri ita ce mai firiza, mai sayar da sobolo da burkina da ruwan leda. Injin firiza na fizgar ninki uku ko fiye na wutarsa a daƙiƙar tashi, sai an sami akwati mai ƙarfin ɗaukar wannan fizga. Sannan a zafin Akra firiza na iya shanye yunit ɗaya ko fiye a rana, ma'ana akwati mai 1,000Wh ba zai kai ta wuni da kwana ba. Abin da ya fi mata shi ne ta cika firizar, ta rage buɗewa, ta ba ta wuta awa biyu ko uku a tsakiyar duhun maimakon ta bar ta jone. Duk abin da aikinsa zafafawa ne, butar shayi, tukunyar shinkafa, na'urar busar da gashi, a bar wa gas da gawayi.

Wani ɗan wayo da ake yi wa mai saye shi ne rubuta lamba mai tsoratarwa kamar 300,000mAh. A ninka ta da 3.2, a raba da 1,000, sai ga 960Wh, ba wani abin mamaki. Hannu ma alƙali ne: akwati na gaskiya mai 1,000Wh yana kai kilo 10 zuwa 13. In yaro ɗan firamare na wasa da shi da hannu ɗaya, a ajiye musu kayansu.

Sai tambayar da ta fi farashi muhimmanci, wadda mutane ƙalilan ke yi: wane irin batir ne a ciki? Batirin litiyam ya shigo kasuwa a 1991 ta hannun Sony, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar Nobel a kansa. Amma iri-iri ne. Akwatunan farko akasari NMC ne, mai nikel da manganis da kobal: ba nauyi, yana riƙe wuta da yawa, sai dai masu ƙera shi da kansu suna ba shi zagaye 500 zuwa 800 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari. Ɗayan shi ne LFP, ko LiFePO4, mai ƙarfe da fosfet, wanda ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Ya fi nauyi, amma ana ba shi zagaye 3,000 ko fiye, kuma ya fi jure zafi kafin ya kama da wuta. Ga Bature mai fita daji sau goma a shekara, zagaye 500 ya ishe shi har tsufa. Ga mai aski a kan titin Nima da ke cikawa ya ƙarar kowace rana, 500 bai kai shekara ɗaya da rabi ba, 3,000 kuwa ya haura shekara 8. A ganina wannan ba wurin muhawara ba ne. In ba a rubuta LFP ko LiFePO4 a jiki ba, komai ragin da aka yi maka, ba naka ba ne.

Akwai tarko guda da ya fi kama mutanen Zango saboda yawan 'yan'uwa a waje. Ɗan'uwa a Bronx ya ga akwati an karya farashi, ya saya da kyakkyawar niyya ya auno wa Hajiya a gida. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Gana 230, kuma akwatin da aka ƙera don can 120 zai riƙa fitarwa a nan ma. Cajar waya da ta kwamfuta za su karɓa, domin galibinsu na aiki da kowace, amma fanka da firij da keken ɗinki ba za su yi aikin kirki ba. Wasu irin ma, in aka jona su kai tsaye a bangon Akra, ko su ƙi karɓa ko allonsu ya ƙone. Na Japan bolt 100 ne, shi ma haka. Wanda aka yi don Ingila shi ne ya dace ƙafa da ƙafa, har filoginsa mai haƙori uku irin namu ne. Na Jamus da Italiya ƙarfin wutar ɗaya ne, kan soket ne kawai ya bambanta. Kada kuma kowa ya sa ran tahowa da shi a jirgin sama, ko borga ne mai dawowa daga waje ko alhaji mai dawowa daga Makka. Ƙa'idar jirage ita ce batir mai 100Wh a jakar hannu, zuwa 160Wh da izinin kamfani, kuma ba a sa shi a kayan da ake aunawa. Hanyarsa jirgin ruwa ce, a kuma bayyana wa mai jigila abin da ke cikin kwalin.

A wajen caji ne littafin da unguwa suka fi raba hanya. Abin alfaharin sababbin akwatuna shi ne cika cikin awa guda. Wannan na nufin jan wat 1,000 zuwa 1,200 a jere, daidai da dutsen guga da aka manta a kunne. Bangon gida mai wayarin kirki zai ɗauka. Amma doguwar wayar jone ta kasuwa mai siririn tagulla, wadda aka ratsa ta ƙarƙashin leda da bayan katifa, za ta yi zafi har ta narke. A jona akwatin kai tsaye a soket na bango, da wayar da ya zo da ita. In an taɓa filogi aka ji ya yi zafi, soket ɗin ne ke neman canji. Mafi yawan akwatunan kirki suna da maɓalli ko manhajar waya da ake rage saurin caji, kuma in ba sauri ake ba, wat 300 zuwa 400 ya fi wa batir lafiya, ya fi wa waya, ya kuma rage kukan fankar da ke ciki. Saurin a ajiye shi don ranar da aka san wutar leƙe kawai ta yi.

Idan an dawo da wuta, kada a yi rige-rigen jonawa. Mintunan farko su ne lokacin da ƙarfin wuta ke hawa da sauka, domin kowane firij da fanka a unguwar sun tashi lokaci guda. A dakata minti biyar ko goma. Wannan ya shafi kowa, ba mai akwati kaɗai ba: gida ashirin a kan taransifoma ɗaya, kowanne na jan wat dubu a daidai lokacin da aka kawo wuta, su da kansu za su sake jefa layin cikin duhu. Wanda zai iya barin caji sai bayan ƙarfe 11 na dare ko da hantsi ya taimaki kansa ya taimaki maƙwabta.

Sai maganar da ke haddasa faɗa a tsakar gida. Cika akwati mai 1,000Wh daga ƙasa na cin kamar yunit 1.2 a mita. In kullum ne, yunit 36 ke nan a wata. PURC na da farashi mai rahusa ga gidan da bai wuce yunit 30 a wata ba, don haka akwatin shi kaɗai ya isa ya fitar da mai ƙaramin ɗaki daga wannan rukuni. A gidan da mita ɗaya ce, ana raba kuɗi ta hanyar ƙirga ƙwan fitila da fanka da firij na kowane ɗaki, akwatin ba shi da gurbi a wannan ƙirga, kuma ba a ganin aikinsa daga waje. Mai shi yana kwana da fanka ranar da kowa ke fifita, kuɗin kuma a kan kowa. Ni dai ina ganin hakki ne ya faɗa wa mai gida da sauran 'yan haya tun ranar farko, ya sa ƙaramar mita a ɗakinsa ko a yi masa ƙari a kasonsa. Wanda ya bar maƙwabta suna cajin waya a wurinsa ranar duhu ba safai ake kai ƙararsa ba.

Hasken rana ne kaɗai ke raba mutum da wannan lissafi, amma shi ma da nasa. Faifai mai wat 200 ba ya ba da 200 sai a takarda. A rana mai kyau a Akra ya tara 600 zuwa 800Wh, ƙasa da haka sosai a gajimaren Yuni zuwa Agusta, ko in ƙurar hunturu ta rufe gilashin ba a goge ba. Mai son ya cika akwati mai 1,000Wh yana kuma amfani da shi da rana, wat 400 zai nema. Faifan naɗewa da ake sayarwa tare da akwati don ɗan yawon daji aka yi shi: tsada, ba ya son zama a ruwa da rana shekara da shekaru, kuma sai an zauna gadinsa. Na gilashi da ake kafawa a rufi ya fi arha ya fi daɗewa, in mai gida ya yarda kuma kwanon zai ɗauka. Lamba ɗaya ce ba a wasa da ita. A bayan kowane faifai an rubuta Voc, a jikin akwati kuma an rubuta iyakar bolt da ramin sola ke karɓa. In aka jera faifai biyu baki da wutsiya, bolt ɗinsu haɗuwa yake: biyu masu 40 sun zama 80, akwati mai iyakar 60 kuwa ya tafi, garanti kuma ba ya biyan wannan. Caji a mota na da amfani ga direban tasi ko trotro, sai dai ramin mota bai wuce wat 100 ba, awa goma ke nan, kuma sai inji na aiki, in ba haka ba batirin motar ne zai kwanta. Ƙaramin janareta mai wuta marar daidaito kuwa, akwatuna da yawa ƙin karɓarsa suke yi, kuma gara da suka ƙi.

Ana yawan cewa kada a cika batirin litiyam ya wuce kashi 80, kada kuma a bar shi ya sauka ƙasa da 20. Maganar tana da tushe, musamman ga NMC, wanda zama a cike cikin zafi ke tsofar da shi da wuri. Amma wanda ya bi ta sau da ƙafa ya biya kuɗin 1,000Wh yana amfani da 600, a garin da ba a sanar da kai ranar da za a ɗauke wuta. Ga LFP da ake aiki da shi kullum, a cika shi ɗari bisa ɗari ba fargaba. Abin gudu biyu ne: barinsa a cike makonni ba a taɓa shi, da barinsa a sifili. Na biyun ya fi muni, domin allon BMS na ci gaba da tsotsar ɗan abin da ya rage har ƙwayoyin su faɗi ƙasa da inda caja za ta iya tashe su. In ya mutu da dare, a ba shi wuta da zarar ta samu. Mai tafiya aikin Hajji ko mai zuwa arewa ya daɗe, ya bar shi a kashi 50 zuwa 60, a kashe, ba komai jone, ya kuma bar wa wani amana ya duba shi bayan wata uku. Wani hali na LFP da ke ruɗa mutane shi ne lambar allo ta riƙa ƙarya: tana nuna 30 sai akwatin ya mutu. Ba lalacewa ba ce. Ƙarfin wutar wannan batir kusan ɗaya yake daga sama har ƙasa, sai lissafin allon ya ɓace a hankali. Duk wata biyu ko uku a bar shi ya ƙare ƙaf, a cika shi ba tsayawa, lissafin zai dawo.

Babban abokin gabar akwati a Akra shi ne zafi, kuma a nan ne dokar littafi ke ƙara nauyi. Kamfanoni na so a ajiye shi tsakanin digiri 20 da 30, yawancinsu kuma na yanke caji in ya kai 40 ko 45. Inuwar Akra kanta na kai 32 a Fabrairu da Maris, ɗakin kwano marar silin da kiyos ɗin ƙarfe kuwa sun wuce haka nesa. Ƙiyasin injiniyoyi shi ne duk ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin tsufan batir. Don haka wurin ajiya ya fi duk wata dabarar kashi 80 tasiri: inuwa, inda iska ke ratsawa, tazarar hannu daga bango, nesa da kurfoti da tukunyar gas. Kada a lulluɓe shi da zane don gudun ƙura yana aiki, kada a kulle shi a kabad don gudun ɓarawo yana caji. In ya gama aiki mai nauyi jikinsa da ɗumi, a bar shi ya huce kafin a jona. Ƙurar hunturu na toshe ramukan iska, busasshen burushi ya isa. Iskar teku mai gishiri na sa bakin soket tsatsa, a riƙa rufe waɗanda ba a aiki da su.

Ruwa shi ne na biyu. Mutanen da ke kusa da babbar kwatar Nima da Maamobi, wadda ke gangarawa kogin Odaw, sun san yadda ruwan Yuni ke shiga ɗaki cikin dare, kuma ba wanda ya manta 3 ga Yuni, 2015, ranar da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle aka rasa rayuka kusan 150. Akwati ba ya zama a ƙasa, a ɗora shi a tebur mai ƙarfi. In ruwa ya shige shi, kada a kunna don gwadawa, kada a jona, ko da ya bushe daga waje. A fitar da shi fili nesa da ɗakin kwana, domin batirin da ya jiƙe na iya kamawa bayan kwanaki.

Akwai abu guda da ya kamata a kira shi da sunansa, ganganci da rai. Wasu na haɗa waya mai filogi a kai biyu, su cusa ɗaya a akwati ɗaya a bango, don dukan ɗakin ya samu wuta. Haƙoran filogin da ke hannu wuta ce tsirara. Wutar na bin waya ta koma layi, inda ma'aikacin ECG ke aiki yana zaton a kashe take, ko ta shiga ɗakunan maƙwabta a mita ɗaya. Da an dawo da wuta kuma, akwatin ya gamu da ita gaba da gaba. Mai son fitilun rufi su yi aiki da akwati ya sa a kafa masa makunnin sauya layi, kuma dokar wayarin ta 2011 ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne kaɗai ke da izinin wannan aiki.

Gobarar litiyam ba kasafai take faruwa da akwati mai inganci ba, amma in ta faru ba ta jira. A Niyok, a 2023 kaɗai, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga irin waɗannan batira da mutuwar mutum 18, akasari daga batiran kekunan lantarki masu arha ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima, da yawa kuma ana cajinsu ne a hanyar fita. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Ɗakin Zango ƙofa ɗaya ce, taga kuma da ƙarfen ɓarayi. Akwati ba ya kwana a bakin ƙofa, ba ya kwana a kan katifa. Alamun haɗari su ne kumburi, wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ƙarar tsiyaya, ko zafi alhali ba ya aiki. In an ga ɗaya, a cire daga bango a fitar da shi. In hayaƙi ya fara, a fitar da mutane, kada a shaƙa domin guba ne, a kira 192 ko 112. Ko an kashe wutar, kada a mayar da shi ɗaki, yana iya sake tashi.

Kasuwar na-hannu tana nan tana girma, a Circle da intanet, kuma nan da 'yan shekaru akwatunan da aka saya a 2024 za su fara zagayawa cikin unguwa. Batir mai kashi 80 bai mutu ba, yana da sauran shekaru, in farashin ya nuna haka. Gwajin ba wuya: a cika shi, a jona abin da aka san yawan wutar da yake ci, a duba agogo har ya mutu, a ninka. Mai sayarwa da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya ba ka amsa. A guji wanda aka buɗe aka cusa masa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, domin ƙwayoyi masu shekaru daban-daban ba sa cika tare, kuma sau da yawa mai gyaran ya tsallake BMS don abin ya yi aiki. A sabon ma, abin da ke fara lalacewa ba batirin ba ne, fanka ce ko soket ko allon inbata, don haka garantin shekara 5 da ke rubuce a kwali ba shi da amfani sai in akwai wakili a Akra da zai karɓa ya gyara. A tambayi adireshinsa kafin a biya, a ajiye rasit.

A tambaye shi kuma ko yana karɓar wanda ya mutu. Batirin dalma na da kasuwa, masu gwangwan na biyan kuɗi su ɗauka domin dalmar na sake narkuwa. LFP ba shi da kobal ko nikel da za su ja hankalin kowa, don haka mai bola zai fasa akwatin ya zare tagulla da alminiyam ya watsar da ƙwayoyin, kuma ƙwayar da aka huda da guduma ita ce mai kamawa da wuta. Tun da aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a watan Yulin 2021, wannan aiki ya warwatsu zuwa ƙananan yadi a cikin unguwanni, kusa da gidajen mutane. A 2016 Gana ta yi doka mai lamba 917, wadda ta ɗora haraji a kan kayan lantarki da ake shigowa da su don a biya kuɗin tattara su da sarrafa su idan sun mutu, kuma hukumar kare muhalli ta EPA ce ke riƙe da rajistar kamfanonin da ke da izinin karɓa. Kafin a kai can, mataccen akwati ya zauna a rufe yadda yake, a busasshen wuri mai inuwa a wajen ɗakin kwana, ba a ba yara su kwance shi ba.